Layar Jitar Kofur Audu

Ba zan taɓa mantawa da wannan sautin ba: wani gurnani mai taushi, kamar hadari na haɗuwa can wajen Wamakko, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Ina aji huɗu a kwalejin malamai mata a Sakkwato, zamanin da kuɗin fetur ya sa har makarantarmu ta samu sabon zauren taro, aka turo makaɗan soja su yi wasa ranar rabon kyaututtuka.

Da hantsi suka yi gwaji, mu kuma muna jera kujeru. Sautin daga wata doguwar jita mai tsirkiya huɗu yake fitowa, a hannun wani siririn kofur da suke kira Audu. Yatsu biyu kawai yake sawa, su ma kamar shafa suke yi. Na tsaya rungume da kujera har idona ya cika da ƙwalla. (Ni a lokacin ko ganyen dogonyaro ya faɗo sai na yi masa baiti.)

Ƙawata Inno ta zungure ni. "Ke, mi ya same ki?"

"Zuciyata ce ke rawa."

"Ai dole. Duba ƙarƙashin tsirkiya. Layar farin jini ce, da irinta sojan ga ke kwashe ɗiyan mutane."

Na duba. Ga abu nan mai kusurwa huɗu, ɗinke cikin jar fata, manne a jikin jitar daidai inda yatsunsa ke sauka. Na ga 'yan mata ɗari uku da za su cika zauren nan da la'asar, na ji ni Allah ya zaɓa in cece su. Da makaɗan suka fita sallar azahar, na ɓamɓare abin da tsinken kamfas ɗina na lissafi, ina karanta Falaƙi da Nasi, na cusa shi a aljihu.

Babban baƙo wani kanar ne. Aka fara kiɗa, sai gurnanin nan ya koma ƙwas-ƙwas. Yatsun Kofur suna zurmawa ƙarƙashin tsirkiya, suna maƙalewa, yana bin sauran a baya kamar akuya mai ɗingishi. Sajen mai shugabantarsu ya tsayar da kiɗan, ya ce da shi a gaban kowa, "In ka sha wani abu ne, gobe ka koma gadin ƙofar bariki."

A nan na miƙe, na ɗaga abin sama, na dubi Kanar. "Ranka ya daɗe, ba shaye-shaye ba ne. Asirinsa ne ya karye."

Malaminmu na Larabci ya karɓa, ya yi bisimilla, ya farke ɗinkin da reza. Babu takarda, babu saiwa, babu gashin kowa. Guntun katakon maɗaci ne, an goge shi sumul. Kanar ne ya fara dariya, sannan zauren duka ya ɗauka. Inno kuwa ta duƙa tana gyara takalmi kamar ba ta taɓa sanina ba.

Kofur bai yi fushi ba. Ya ce, "Ƙanwata, matakala ce. Yatsa ya taɓa tsirkiya, ya taka katako, ya dawo. Shi ke hana ni tono da zurfi, shi ke sa in kaɗa a hankali, na'ura ta ɗaga murya."

Ya ɗaure katakon a jikin jitar da igiyar takalminsa, ya dubi Sajen, ya fara shi kaɗai. Har tagogi suka riƙa amsawa. Na ga Kanar ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ni kuma ina tsaye da yagaggiyar fata a hannu, zuciyata na rawa fiye da ɗazu, ba laya ko ɗaya a wurin. Ranar na koyi cewa ba duk rawar zuciya ce sammu ba, kuma mai son ceton jama'a ya fara tambayar ko suna cikin haɗari.

Sai bayan shekaru masu yawa, ina koyarwa a Tudun Wada, 'yar Kofur Audu da ke ajina ta gaya mini cewa tun da ya dawo daga yaƙin basasa kan yatsun nan biyu ba sa jin komai. Ko wuta ya taɓa sai dai ya gani da ido. Katakon ne ke gaya wa hannunsa cewa ya iso.