Ciyawar Mama Almaz

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da matan Habasha suka zo unguwarmu a Kuje ba. Babu hannun gwamnati, babu na ofishin jakadanci. Ƙungiyarmu ta mata ce ta ƙulla abin. Mun koya musu dambun nama, su kuma suka ce za su nuna mana yadda ake shan gahawa a ƙasarsu. A gidana aka sa taron, don kowa ya san ni da tsafta (ni ma ba na bari a manta).

Ina kasuwa babbarsu, Mama Almaz, wata dattijuwa mai ɗinki, ta zo ta jera kayanta, ta koma ɗauko sauran. Ina dawowa na tarar da ɗanyar ciyawa barbaje a tsakar gida har ƙarƙashin kujeru. Na zage 'ya'yan maƙwabta tas, na share, na kwashe na zuba wa akuyata. Har siminti na wanke, ina yaba wa kaina.

Baƙi na shigowa dattijuwar ta tsaya turus. Cikin Hausarta ta 'yan koyo ta ce, "Hajiya, ina ciyawa na?"

Ashe a wurinsu shimfiɗa ciyawa girmama baƙo ne, kuma da rani muke, ita ta shuka abarta a bayan ɗakinta tana ba ta ruwa tun da aka sa rana. Ana cikin yi min bayani akuyar ta leƙo, ciyawa na reto a bakinta. Wallahi na ji kunya kamar in nutse, ga tsoron kada su ɗauka wulaƙanci ne, zumuncin ya mutu a gidana.

Mama Almaz ta ƙura wa akuyar ido, sai ta tuntsire da dariya har da hawaye. "To, baƙo na farko ya ci. Saura mu."

Kafin in gama ba da haƙuri matan unguwa sun watse, wannan ta dawo da ganyen mangwaro, waccan da na ayaba. Ta karɓa duka ta shimfiɗa da hannunta, ta kunna turaren wuta, ta soya 'ya'yan gahawa, ta daka, ta dafa. Kofin farko ni ta miƙa wa. Irin wannan dattako ban taɓa gani ba.

Har yau suna zuwa. Na koyi yin tambaya kafin shara, amma Mama Almaz ba ta yarda da tubana ba: tana shigowa take ɓoye tsintsiyata da kanta.