Ni Na Ɗaga Jan Layin Dam

Jama'a, yau da safe matata ta hana ni shayi, kuma wallahi da gaskiyarta. Bari in tona wa kaina asiri kafin maƙwabta su riga ni.

Ni mai fenti ne, gidana kuma yana gindin dam ɗin garinmu. Daga tsakar gida bangonsa muke kallo. Makon jiya aka aiko mota har ƙofar gida, wai Ranka-ya-daɗe Mai Kula da Ruwa yana nemana. Na shiga ofis, sanyin na'ura ya buge ni, aka ba ni kujera mai juyawa, aka kira ni Injiniya. Ni da ko takardar firamare sai an sha wahala kafin a gano ta! Nan take kaina ya kumbura.

Aikin ba wuya. A jikin bangon, ta ɓangaren ruwa, akwai wani tsohon jan layi da ruwa ya fara taɓawa. Aka ce in shafe shi, in zana sabo kamu uku sama da shi. Na shiga kwalekwale, na ja igiya, na zana layi miƙaƙƙe sambal. Har hoto na tura wa surukina.

Jiya da yamma ina cika baki a shagon maƙwabcina mai gyaran famfo, wanda ya daɗe yana aiki a dam ɗin kafin ya yi ritaya, sai na ga ya ajiye sifana yana kallona. Ya ce layin nan ba ado ba ne. Idan ruwa ya kai shi, doka ta wajabta wa masu dam su buɗe ƙofofi su rage ruwa, su gargaɗi duk wanda ke zaune a ƙasa, su kuma kai rahoto. Ƙofofin kuwa tsatsa ta cinye su tun yana can.

"To da ka ɗaga layin," in ji shi, "bangon ma ka ƙara masa ƙarfi?"

Tsohuwata tana ɗakin baya, daga gado zuwa ƙofa sai an riƙe ta. In bangon nan ya ɓalle, wa zai gudu da ita? Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ni.

Yau da safe da matata ta ji labari ta gama wanke ni tas, na garzaya ofis a ƙafa, don yau ba mota. Mai Girma Magatakarda, Allah ya ƙara masa basira, ya buɗe fayil ya nuna mini rahoton masu bincike: ruwa yana ƙasa da jan layi da kamu uku, babu haɗari. Na ce ai ni na matsar da layin. Ya ce to ka ga, ƙwararre ne ya yi aikin. Dole a yaba musu, sun cika doka ba tare da sun taɓa ƙusa ko ɗaya ba.

Ina fita ya kira ni, wai damina ta yi ƙarfi, in shirya buroshi mako mai zuwa.

A hanya na tsaya na ƙare wa bangon kallo. Daga sabon layin da na zana, saura kamu biyu bangon ya ƙare. Bayan nan ban san inda za su ce in zana musu layin ba, sai dai ko a bangon ɗakin tsohuwata.