Mangwaron 'Yan Kamfani

Ni a ƙauyenmu ba a san ni da wasa ba, ko kaza ce ta ratsa gonata sai na san ta gidan wa ce. To a shekarun da damina ta yi ta gardama, mutane na ta rabuwa da gonakinsu, sai na hango mota ta sauke ma'aikatan wani kamfani daga Kano, riga iri ɗaya, suna dasa itatuwa a iyakar gonar da marigayi mijina ya bar wa 'ya'yana. Kowa kuwa ya san wanda ya dasa itace a iyaka, gobe shi ne mai gona.

Na bari suka yi gaba, na bi layin ina tumɓukewa. Na ɗaura dami na ɗora a ka, sai ƙofar mai gari, awakina na biye.

Na zube shi na ce, "Ranka ya daɗe, ga shaida."

Mai gari ya ja rawani ya toshe baki. Wani mai tumbi a gefensa, hannu duk laka, ashe manajansu ne, ya ce, "Inna, gayya muka zo yi muku. Mangwaro ne, kuma naki ne."

Kafin in waiga, awaki sun gama da shi.

Yau kowace gona da mangwaronta ban da tawa. In ya nuna, maƙwabcina Malam Sale yakan miƙo min kwando ya ce, "Inna, ɗebi son ranki, amma don Allah a bar mana saiwar."