Rasuwar Maigadi na Ɗakin Bayanai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da ba su bushe ba, ɗakin ajiye bayanai na asibitinmu ke sanar da rasuwar Maigadi, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki. Mai babban rashin ita ce Anti Kwamfuta, mai kula da rumbun bayanan marasa lafiya.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan ƙaramin shiri ne na kwamfuta, mazaunin tsohuwar na'urar nan ta ƙarƙashin teburin Anti. Yayanta ne ya rubuta shi, shekara biyu kafin Allah ya karɓi ransa. Aikin Maigadi ɗaya ne. In aka nuna masa jadawali, sai ya duba yadda aka tsara shi: ina gurbin suna, ina na kwanan wata, wanne ne ba a barinsa fanko. Daga nan shi da kansa zai rubuta dokokin da za su tare duk wani shirme tun daga bakin ƙofa. Abin da zai ci wa mutum mako guda, shi kafin shayi ya huce ya gama.

Ba ya kallon fuskar kowa. Babban likita ma ya sha kora a hannunsa. In aka sa wa jariri nauyin kilo saba'in, sai ya yi "ƙit" ya rubuto: "Haba dai, jariri ne ko ɗan dambe?" In aka tsallake rukunin jini: "Koma ka tambayo, ina nan." Haka Yayan Anti yake magana a gida, babu ragi. Wani lokaci Anti kan yi kuskure da gangan, don kawai ta sha faɗa.

Ciwon ya faro wata uku da suka wuce. Faifan ajiyar na'urar, inda Maigadi yake zaune, ya soma ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar mai tari. Kullum tana cewa gobe za ta kwafe shi, kullum kuma layin marasa lafiya na kaiwa har baranda. Akwai kwafi ɗaya a filashi, da shi ta dogara. Ranar Talata ta kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ta jona filashin a wata na'urar, ashe ya riga Maigadi tafiya.

Rungume da na'urar ta isa shagon mai gyara. Ya kwance, ya kasa kunne, ya daɗe bai ɗago ba.

"Anti, sai haƙuri," in ji shi. "Da kin kawo shi tun yana tari."

Ta zauna a kan bencinsa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Maigadi ya rasu ya bar jadawali arba'in da uku, dukkansu da dokokin da ya gada musu, sai auta, sabon jadawalin ɗakin haihuwa, wanda bai samu ganinsa ba. Ya kuma bar maƙwabciyarsa firinta, da ma'aikatan jinya da suka sha zaginsa a ɓoye, yau kuma su ne ke leƙowa jiki a sanyaye.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga shagon mai gyara zuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Faifan kam ba zai bi su ba, Anti ta naɗe shi a hankici ta tafi da shi gida. Zaman makoki a ɗakin bayanai ne, inda za a same ta tana rubuta wa auta dokokinsa da hannu, gurbi bayan gurbi.

Masu zuwa gaisuwa, don Allah kada wanda ya ce mata ai ana samun sabo. Ta sani.