Gobe Uku, Bijimi Ɗaya

Wani ne a can wajenmu, a wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana. Ba zan kama suna ba, don na san surukin wani ne a cikinku. Duk abin da mutumin nan ya mallaka a duniya jan bijimi ne guda ɗaya, wai shi Ɗanlele. Maƙwabcinsa, wani dattijo Hamma, shi ma bijimi ɗaya gare shi. In damina ta faɗi sai su haɗa su a karkiya, a yi huɗar gonar wannan, a koma ta wancan. In babu Ɗanlele, gida biyu ne ba su da tuwon baɗi.

Ana nan dab da faɗuwar damina, sai wata ƙungiya ta kira bita a Safana, wai ta masu nazarin gobe. Mai unguwa na fama da ciwon ƙafa, ya ce wa zai je a madadinsa. Mutumin naku ya ji an ce akwai shinkafa da kaza, ya ce ai shi tun yana yaro yake da ƙishirwar ilmi.

Mai koyarwar wata ce Malama Fauziyya. Ta kunna majigi, ta ce, "Jama'a, mu ba 'yan duba ba ne, gaibu sai Allah. Abin da muke yi, mukan zauna mu zana gobe iri-iri: mai kyau, da ta tsaka-tsaki, da mai muni. Sai mu ɗauko shirinmu mu gwada shi a kan kowacce, mu ga inda zai yage. Haka gwamnatoci ke yi kafin su tsara manufa."

Mutumin ya ɗaga hannu. "Malama, wannan na gwamnati ke nan. To mai bijimi fa?"

Ta yi dariya. "Har mai kaza ma, Baba. In da hali sai a yi atisaye, a kwaikwayi abin kamar ya faru, don ranar da ya zo kada a ruɗe."

Shi ke nan. Kalmar atisaye ta shige kansa ta zauna daram. Sauran bayanin ko ɗaya bai ji ba, don an fara rabon abinci ta layin baya.

Ya dawo gida yana tafiya da ƙyar don ilmi ya yi masa nauyi. Matarsa Inno ta tarbe shi.

"Sannu da zuwa, Malam. Mi aka samo?"

"Ilmi."

"Ba ko ɗan fiffike a leda?"

"Inno, ke matsalarki gobe ɗaya gare ki. Ni yanzu ukku gare ni."

"To, Allah ya nuna mana ta farkon lafiya."

Ya je ya tsuguna gaban turke, ya ƙura wa Ɗanlele ido, ya ɗauki kara ya ja layi uku a ƙasa. Ya ce gobe ta farko, bijimi lafiya, an yi huɗa, rumbu ya cika. Ta biyu, bijimi ya kwanta ciwo. Ta uku, an sace shi.

Inno ta ce, "Mu fara da atisayen ta farko mana. Ka sawo nama da man gyaɗa, mu kwaikwayi masu wadata."

"Wagga ba ta buƙatar gwaji. Kowane sakarai ya iya jin daɗi."

Sai ya faɗa wa ta biyu. Ya jiƙa sassaƙen maɗaci, ya zuba kanwa, ya ƙara da ragowar ƙwayoyin da aka ba Inno lokacin da ta yi zazzaɓi. Bijimi na kwance lafiya lau yana tuƙa, bai ji ba bai gani ba, aka kama shi aka yi masa ɗura. Jama'a, zawon da dabbar nan ta yi, kaji sai da suka yi ƙaura daga gidan. Ɗanlele ya rame, tozo ya kwanta gefe guda.

Ku a zatonku mutumin zai ji kunya? Majalisa ya tafi yana buga ƙirji.

"Na ce zai yi ciwo ko ban ce ba?"

Hamma ne ya yi ta jinyar bijimin da dusa da harawa har ya miƙe. Ya kama hannun mutumin, kamar zai yi kuka.

"Don girman Allah ka ƙyale dabbar ga ta huta. Ka duba gabas, hadari ya fara haɗowa."

"Saura ɗaya tak, Baba Hamma. Kai za ka fito a ɓarawo."

"Ni? Da furfurata? Jikokina su gan ni ina kwance dabbar wani?"

Mutumin naku ya bi ƙauyen gida-gida yana neman mai fitowa a ɓarawo, kowa ya ce Allah ya tsare shi. Ya ce dama ya sani, garin nan babu masu kishin ci gaba.

Ranar kasuwar Batsari ya hau acaɓa, bai zame ko'ina ba sai kara, inda ake cinikin shanu. Ya sami wani tudu ya hau, ya gyara murya.

"Salamu alaikum, jama'a! Wa ya iya satar shanu a nan?"

A wannan zamanin! A Batsari! Kara ta yi tsit, har shanun suka daina kuka. Dillalai suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wani har ya bar takalminsa.

Sai ga wani mutum da farar riga tas, ga gemu a gyare, ga tasbaha a hannu. Ya jawo shi gefe.

"Bawan Allah, rage murya. Mi ke tafe da kai?"

Mutumin naku ya zayyana masa komai, tun daga majigi har layi uku. Mai tasbaha ya shafa gemu.

"Subhanallahi. Ni dai ban taɓa ba. Amma in don taimakon ilmi ne..."

"Ka taɓa ganin ana yi?"

"Daga nesa."

"Ya isa!"

Nan suka zauna a inuwa. Mutumin naku ya gaya masa dangar bayan gida ta ruɓe, tura ta kawai za a yi. Ya gaya masa karen gidan in an jefa masa ƙuli-ƙuli ya gama aiki. Ya ce bijimin yana harbi, sai an kira shi da sunansa an sosa masa bayan tozo. Mai tasbaha yana ta jefo tambayoyi masu ma'ana, har mutumin ya ce, "Wallahi ka fi 'yan bitar nan fahimta, kai da ba ka ma je ba."

Washegari da hantsi sai ga baƙon nan mai tasbaha da a-kori-kura har da direba. Ya ce ai ɓarayin yanzu da mota suke zuwa, in za a yi gwaji a yi na gaskiya. Mutumin ya ji daɗi, ya sa aka dama musu fura.

Inno ta leƙa ta zana, ta kira mijinta.

"Malam, mutumin ga tun da ya zo bai dubi fuskar kowa ba. Tozon Ɗanlele yake kallo."

"Ya shiga aikin ne. Haka ƙwararru suke."

Ya koma ya bayyana wa baƙo shirinsa. Da zarar an taɓa igiya, shi zai buga garwa, mutanen gari su fito su tare hanya.

Baƙo ya ja tasbaha, ya ce, "Shiri ya yi kyau. Amma ina da 'yar tambaya. A gobe mai munin nan, kana farke ne ko kana barci?"

Mutumin ya ce, "In dai mai muni ce sosai, barci nake."

"To mai barci na buga garwa?"

"Allahu akbar! Ka ga inda shirin ya yage! Abin da Malama ta faɗa ke nan!"

Ya jefar da garwa, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya rufe fuska da hula, ya kama minshari na ƙarya da rana tsaka.

Baƙo ya tura danga ta faɗi. Kare ya karɓi ƙuli-ƙulinsa ya koma gefe. Aka sosa tozo, aka kwance igiya. Amma da aka zo bakin mota, Ɗanlele ya kafe ƙafafu, ya ce bai san zancen ba. Dabba ma ta gane, jama'a, dabba! Suka ja, suka tura, ko gezau.

Mai barci ya buɗe ido ɗaya. Ya kasa haƙuri.

"Kai, ba haka ake ba!"

Ya tashi ya ɗebo dusa a ƙwarya, ya hau motar yana kiran "Ɗanlele, Ɗanlele," har bijimin ya bi shi ciki. Ya ɗaure shi da hannunsa, ya ƙulla igiyar tam don kada ya faɗo a hanya. Sannan ya sauko ya koma tabarma ya ci gaba da minshari.

Inno ta kasa jurewa. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

"Ɓarawo! Jama'a ku kawo ɗauki, ɓarawo!"

Kafin ka ce me, gari ya fito, masu sanda, masu fartanya, Hamma a gaba da gora. Mutumin naku ya yi tsalle ya tare su, ya buɗe hannuwa.

"Ku tsaya! Atisaye ne! Duk wanda ya taɓa baƙona, ni da shi sai gaban mai gari!"

Hamma ya ce, "Kai, bijimin fa yana cikin mota!"

"Na sani, ni na sa shi. Kuma ku a goben da muke ciki yanzu duk kuna gona, ba ku ji ihun ba. Ku koma!"

Direba ya murza makulli, mota ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta ƙi. Mai tasbaha ya leƙo ta taga.

"Bayin Allah, ko za a taimaka da turi?"

Mutumin naku ne ya fara sa kafaɗa. Ya yi ta yi wa samari faɗa, wai baƙo ya baro aikinsa ya zo taimakon gari, su sun tsaya kallo. Kunya ta sa suka kama. Aka tura, aka tura, mota ta tashi.

Baƙo ya ɗago hannu. "Zan ɗan kewaya ta wajen Runka in dawo."

"Kada ka yi gaggawa! Yi kamar da gaske!"

Aka yi azahar, shiru. Aka yi la'asar, shiru. Mutumin ya ce gwaji ne mai zurfi. Da kasuwa ta zagayo ya koma kara yana cigiya. Aka ce ya sunansa? Bai tambaya ba. Ɗan wane gari ne? Bai tambaya ba. To yaya kamanninsa? Ya ce mutumin kirki ne, da tasbaha.

Ranar da ya dawo aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe ƙasa ta yi laushi, kowa ya fito da shanunsa. Sai ga Hamma ya jawo bijiminsa tilo, ya zo ya yar da karkiya a ƙofar gidan mutumin, gefe ɗaya wayam. Ya dubi karkiyar, ya dubi wuyan mutumin, ya sake duban karkiyar. Jama'a suka taru, masu zagi na yi, masu dariya na yi.

Mutumin ya ja da baya, ya dafe wuyansa, amma bakin bai mutu ba.

"Ku yi ta zagi, ba komai. Amma ku faɗi tsakani da Allah: duk faɗin garin ga, wa ya hango za a sace bijimin nan in ba ni ba?"

Daga bayan zana Inno ta ce, "Ba kowa, Malam. Shi kanshi ɓarawon bai hango ba sai da ka gaya mashi."