Yadda Ake Korar Majinyaci Daga Gadon Asibiti Da Baki Kawai

Matso nan, yaro, ka buɗe kunne. In ka bi abin da zan faɗa maka, na yi maka alkawari duk majinyacin da ka je dubawa ba zai ƙara kwana a asibiti ba. Babu allura, babu ƙwaya, harshenka ya isa. Ba a littafi na gani ba, karatuna bai kai can ba. A gabana aka yi wa ƙanena kafinta. Ƙusa ce ta soke shi a ƙafa, wurin ya ruɓe, likita ya ce sai an yi aiki an wanke, in ba haka ba ciwon zai haura. Ya yarda, har an sa rana. Sai 'yan dubiya suka fara zuwa.

Mataki na 1: Fara da fuskarsa

Kana shiga kada ka zauna. Tsaya a kansa, ka riƙe haɓa, ka ce, "Innalillahi! Kai ne ka koma haka?"

Maƙwabcinsa direba haka ya yi. Ƙanena ya yi murmushi ya ce, "Ai da sauƙi."

Direba ya ce, "Wane sauƙi, kafinta? An ba ka madubi kuwa? Wuyan nan naka ko na zakara ya fi shi kauri."

Ka riƙe wannan: mutum ba ya sanin ya rame sai 'yan'uwa sun taimaka masa.

Mataki na 2: Zo da gawa a bakinka

Kowa ya san wani da irin ciwon ya kashe. In ba ka sani ba, ka ara. Surukarsa ta fi kowa iyawa. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ɗan nan, sak ciwon mijin ƙawata. Shi ma ta hagu. Yana wasa da dariya aka tura shi ɗakin tiyata." Sai ta goge ido da gefen mayafi.

Ya ce, "Sai aka yi yaya, Inna?"

Ta ce, "A'a, bar zancen. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa."

Mataki na 3: Zama likita

Ba sai ka taɓa shiga aji ba. Kama robar ƙarin ruwa, ka jujjuya ta, ka girgiza kai. Mai fentin da ke aiki a shagonsa ya yi haka, ya ce, "Maigida, mutanen nan in sun ga ƙafa hannunsu ƙaiƙayi yake. Yau su ce wanki ne, gobe ka farka ka laluba ka ji wayam." Mutumin da ko launin ƙofa sai an zaɓar masa.

Mataki na 4: Yi raɗa yadda zai ji

Ja matarsa bakin ƙofa, ka rage murya, amma kada ka rage da yawa. Ce mata, "Ya dai nuna miki inda yake ajiye makullin shago ko? Gara a sani." Kunnen mai ciwo ya fi na kowa kaifi, kada ka bari ya tashi a banza.

Mataki na 5: Sallama

Shanye lemon da aka kawo masa, ai shi ba ya iya sha. In ka tashi tafiya, riƙe hannunsa ka daɗe, ka ce, "To kafinta, mu yafi juna." Kada ka ƙara komai.

Washegari ma'aikaciyar jinya ta zo da keken tura ƙanena ɗakin tiyata, ta tarar da gado babu kowa, robar ruwa tana lilo. Na same shi a gida ya ƙudundune. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Likita ya ce aikin ƙarami ne!"

Ya ce, "Yaya, kai ka ji abin da na ji? Gara in mutu da ƙafata a jikina."

Na yi faɗa, na yi lallashi. Bakina ɗaya, nasu ya fi goma.

Mataki na 6: Koma ka ga laifinsa

Wannan shi ne cikon aikin, rago ne ke tsallake shi. Jira sai kumburin ya kai gwiwa, an kinkime shi an mayar, likita ya ce wanki ya wuce, yanzu sai yanke ƙafar. Sannan ka dawo da sabon lemo, ka yi kamar direba: "Haba kafinta! A wannan zamanin ana gudun asibiti? Da ka yi shawara da mu mana."

Gargaɗi

Ni dai ban aike ka ba. Abin da ya biyo baya tsakaninka ne da Mahaliccinka, kada a kira sunana. In likita ya tambayi wanda ya zuga majinyaci, ka faɗi abin da dukansu suka faɗa: "Ni sannu kawai na yi masa." Mai shakkar ko hanyar nan tana aiki ya biya ta shagon ƙanena, zai same shi a zaune yana goge sandar da ya sassaƙa wa kansa. In ka je, ka yi sallama, ka gaishe shi, sannan ka kama bakinka.