Cokalin Cindo

A ƙauyen Tudun Gawo an yi wani mutum ana ce masa Cindo. Ba mahaukaci ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Shi dai yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Gida ɗaya suke da yayarsa Tabawa mai sayar da koko, da 'yarsa Ladidi, wadda uwarta ta rasu tun tana goye. Duk duniya ba abin da Cindo yake so kamar yarinyar nan. To, a daminar da amai da gudawa suka shigo garin, aka fara kai manya da yara makwanci, sai tsoro ya hana shi sukuni, kullum idonsa na kanta. Mai gari ya tara jama'a aka kafa kwamiti, Malama Rakiya ta ɗakin shan magani ta raba wa kowa aiki. Cindo ma ya ɗaga hannu, aka rasa mai ƙarfin halin hana shi.

Wata rana aka ba shi buta da sabulu, aka tsayar da shi a hanyar kasuwa, aka ce kada kowa ya wuce sai ya wanke hannu. Sai ga Jatau mahauci a guje, matarsa ta faɗi, zai kira mai amalanken shanu a kai ta ɗakin shan magani. Cindo ya cafke masa riga. Jatau ya yi magiya, ya yi zagi, ya ce rai ne a hannun Allah ya baro a gida. Cindo ya ce ya ji, kuma ya tausaya, amma ga buta. Suka kama kokawa har cikin taɓo, sai da Jatau ya miƙa hannu aka zuba masa ruwa yana hawaye. Da suka dawo Cindo ya sake tare shi, ya tare mai amalanken, har yana duban ƙafafun shanun yana shawara. Allah ya sa matar ta tashi, amma Jatau bai ƙara amsa gaisuwarsa ba.

Wata rana kuma mai shela ya zaga gari yana cewa duk ruwan da za a sha a gida a tafasa shi. Cindo ya tafasa na randa, ya tafasa na awaki, ya tafasa na kaji. Itacen Tabawa ya ƙare, ya koma kan dangar gidan yana zarewa yana turawa a murhu. Tabawa ta dawo daga gaisuwar mutuwa, tun daga bakin hanya ta hango tsakar gidanta har da makewayi.

"Cindo, wa ya ce ka ƙone mana gida?"

"Yaya, ai akuyar ma a gida take sha."

Tabawa ta zauna a kan turmi ta riƙe kai. Ranar ko faɗa ba ta iya yi ba, don ƙawarta ta ƙuruciya aka binne.

Wata rana da hantsi abin da Cindo ke gudu ya iske shi. Ladidi ta fara amai, gudawa ta biyo baya, kafin a ce me ne wannan idanunta sun faɗa. Malama Rakiya ta zo ta haɗa ruwan gishiri da sukari a kwano a gabansa. Ta ce ƙarin ruwa ya ƙare a ɗakin shan magani, za ta haye rafi ta samo a babban asibiti. Ta danƙa masa cokali ta ce, "Kaɗan-kaɗan za ka riƙa ba ta. Kada ka daina har sai na dawo." A zatonta kafin azahar ta iso. Tana hayewa sama ta kece da ruwa, rafi ya kawo ya raba ta da garin.

Cindo na ba yarinya tana amayarwa, yana sake ba ta. Kwano ya ƙare ya haɗa wani yadda ya ga an yi, har ya shiga sukarin kokon Tabawa. Mutanen Tudun Gawo kuwa sun tashi da sanin cewa mai gudawa ba a ba shi ruwa, wai ruwan ne ke ƙara ta. Mata suka cika ɗaki suna salati. Aka kira kawunsu, Baba Nomau, ya tsaya a kansa.

"Ajiye cokalin nan, Cindo. Kashe ta kake yi."

Cindo ya ɗago ya dube shi. Bai taɓa saɓa wa tsohon nan ba, kuma a ransa yana jin wataƙila gaskiya ya faɗa. Hawaye na zuba ya ce, "Baba, Malama ba ta dawo ba." Tabawa ta riƙe masa hannu, ya mayar da cokalin ɗaya hannun. Aka yi la'asar, aka yi magariba, bai ci ba bai motsa ba. Mutane suka watse suna cewa in yarinyar ta cika, alhakinta na wuyansa. Tabawa ta aika a asirce a nemo farin yadi.

Sai washegari da rana tsaka rafin ya janye. Malama Rakiya ta shigo da laka har gwiwa, tana ganin ta'aziyya kawai za ta yi. Ta tarar da Ladidi ido buɗe, tana ture cokali da hannu, wai ita koko take so. Malama ta durƙusa ta duba ta, ta juya ta gaya wa Tabawa cewa da an bar yarinyar nan ba ruwa, da ko asuba ba ta gani ba.

Cindo bai ji abin da suke cewa ba. Leɓensa ya bushe, cokalin cike a hannunsa yana zuba a kan tabarma. Ya ɗago jajayen idanu ya dube ta.

"Malama, kin dawo ke nan? In daina?"